Koyon harshen Danmak ta tele da fim daga Yamai: abin da ke buɗewa, inda ake farawa, da yadda ake aikin

Wanda ya fara harshen Danmak da littafi ko da manhajar waya yakan yi wata biyu yana ganin abin ba wuya. Nahawun bai da tsauri. Aikatau ba ya canza siga saboda mai aikatawa: jeg er, du er, vi er, duk er ɗin guda ce, ba kamar Faransanci da ya ba mu wahala a lakkol ba. Ranar da ya kunna labaran tele na Kopenhagen kuwa, sai ya tarar ko kalma biyar bai tsinta ba cikin minti guda. Ba dakushewar kai ba ce. Rubutun wannan harshe da furucinsa sun daɗe da yin hannun riga. Det ved jeg ikke, wato ban sani ba, kalma huɗu ce a takarda, a baki kuma dunƙule guda ce mai kama da "de-ve-ya-ik". Selvfølgelig mai harafi 12 takan fito "sføli". Og da at, kalmomi biyu daban, duka "o" ake jin su a zance.

Don haka kunne ake fara horarwa. A Yamai, inda samun malamin wannan harshe ke da wuya, tele da rediyo da fim su ne malaman. Wannan ya shafi mai jiran takardun zuwa wurin mijinta ko matarsa, wanda jarrabawar harshe ta matakin A1 da A2 ke jiransa cikin watannin farko na isa can, ya shafi ɗalibi, ya kuma shafi ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke hulɗa da mutanen Danmak. Sai dai kallo kawai ba ya koyarwa. Akwai masu ƙare fim ɗari suna karanta fassarar Faransanci a ƙasa, su tashi da tak da hej, wato na gode da sannu, kaɗai.

Tashoshin, da abin da ke isowa nan

Gidaje biyu ne suka riƙe fagen. DR ita ce ta ƙasa, kamar matsayin Télé Sahel da Voix du Sahel a nan. Ta fara da rediyo a 1925, tele a 1951, ba ta sa talla, kuma tun 2022 daga harajin ƙasa ake biyan ta, bayan an soke kuɗin lasisi da kowane gida ke bayarwa. Tana da DR1, DR2, da DR Ramasjang ta ƙananan yara, dukansu cikin manhajar DRTV. Rediyonta kuma yana cikin DR Lyd: P1 ta zance ce zalla, P3 ta matasa da kiɗa, P4 ta yankuna. Ta biyun ita ce TV 2, da ta fara a 1988, hedikwatarta a birnin Odense. Manhajarta TV 2 Play ta kuɗi ce, an kuma gina ta don mazauna can. Akwai tashoshin yanki guda takwas da ke tafiya da ita, irin TV Syd, TV Midtvest, TV 2 Fyn da TV 2 Bornholm, waɗanda ke sa labaransu kyauta a shafukansu.

Daga Nijar ba komai ke buɗewa ba. DRTV na duba ƙasar da kake, ta rufe abin da haƙƙin nuna shi ya tsaya a Danmak, yawanci wasannin kwaikwayo, fina-finai da wasannin motsa jiki. Labarai da shirye-shiryen tattaunawa da gidan ya yi da kansa su ne aka fi samu a buɗe. Idan ta nemi ka buɗe asusu da imel, kyauta ne, amma asusun ba ya cire shingen ƙasa. Rediyo da shirye-shiryen sauti na DR Lyd, rubutattun labaran dr.dk, da abin da tashoshin suka ɗora a YouTube, su ne ba sa ba da ciwon kai. Filmstriben, manhajar kallon finafinai da za ka ga ana yabawa, sai da katin laburaren Danmak, kar ka ɓata lokaci a kanta. Netflix na aiki a nan, tana kuma da wasu shirye-shiryen Danmak kamar The Rain na 2018 da Kastanjemanden na 2021, sai dai jerin kowace ƙasa daban ne. Ka bincika sunan abin da kake so kafin ka biya wata.

Batun VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake: na kyauta suna rage gudun rezo, suna cin batir, tashoshin kuma suna toshe da yawansu. Kar ka gina karatunka a kan abin da zai yi yau ya ƙi gobe. Abin da ke buɗe ya ishi shekara guda ta aiki.

Lokaci kuma ya zo mana da sauƙi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Yamai da na Kopenhagen ɗaya ne. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gaba da mu da awa guda. TV Avisen, labaran DR1 da ake yi 18:30 a can, a lokacin zafi da damina 17:30 ne a nan. Labaran TV 2 na 19:00 su koma 18:00.

Kayan aiki da lissafin forfe

Waya, abin sa wa kunne, kaye da bik. Abin kunnen ba ado ba ne. Wasulan harshen sun haura 20 idan an ƙirga dogaye da gajeru, bambancin wasu siriri ne ƙwarai, lasifikar waya kuma tana murƙushe su, balle a bakin titi ko a fada ana fifita gawayin shayi ana gardamar ƙwallo. Abin kunne mai igiya na jika biyu ya wadatar.

Bidiyo a ƙaramin inganci yana cin kusan mega 300 a awa, matsakaici kusan 700, mai kaifi sosai har giga 3. Kai sauti kake nema da rubutun ƙasa, don haka ka sauke ingancin zuwa 360p. Minti 20 a rana mega 100 ke nan, giga 3 a wata. Shirin sauti kuwa kusan mega 60 ne a awa. Da yake aikin na maimaici ne, saukewa ta fi kallo kai tsaye riba nesa ba kusa ba: ka sauke sau ɗaya da dare lokacin da rezo ya sake, ka saurara sau goma ba tare da ƙarin ko dala ba. A watannin Afrilu da Mayu da kuran ke yawan ɗaukewa, ka fifita sauti a kan hoto, allon waya ne ke shanye batir.

Manhajoji uku ake buƙata. VLC don rage gudu da maimaita yanki. Den Danske Ordbog, ƙamus na kyauta a ordnet.dk, wanda ke da muryar mutum tana furta kalmomi. Sai AnkiDroid ko kayenka don bita. Ka ƙara dansk a allon rubutun waya don samun æ, ø, å. A kwamfuta mai AZERTY, Alt da 0230 na ba da æ, Alt da 0248 ø, Alt da 0229 å. Ka tuna a ƙamus na takarda waɗannan uku a ƙarshe suke, bayan z.

Da me za a fara

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa da shirin da ya yi suna. Forbrydelsen na 2007, mai kashi 20 a zangon farko, shi ya fitar da wasan kwaikwayon Danmak duniya, amma ƴan wasan suna magana ƙasa-ƙasa cikin duhu da ruwan sama. Mutanen Danmak da kansu sun daɗe suna ƙorafin cewa ba sa jin abin da ake faɗa a irin waɗannan wasanni, da yawansu suna kunna rubutun ƙasa a harshensu. Abin da ya gagari ɗan gida ba shi ne darasin baƙo na farko ba.

Wata biyu zuwa uku na farko, ka tsaya kan abu biyu. Na ɗaya Ligetil, sashen dr.dk da ke rubuta labaran rana cikin gajerun jimloli don masu ƙaramin karatu. Labari ɗaya a rana, duk kalmar da ka ɗauka ka ji furucinta a ƙamus kafin ka rubuta ta, don idan idonka ya riga kunnenka, za ka haddace furucin Faransanci a kan kalmar Danmak, cire shi kuma ya fi sa shi wuya. Na biyu shirye-shiryen ƙananan yara. A Danmak ba a juya muryar finafinan waje, rubutu ake sa musu, in ban da na yara. Masu juya muryar zanen yara kuwa a ɗakin ɗaukar sauti suke, kusa da makirfo, suna fitar da kowace gaɓa. Gurli Gris, mai kashi na minti biyar, yana YouTube da harshen. Eh, ƴar alade ce tauraruwar, amma jimlolin na cikin gida ne: ci, sha, wanka, ina takalmina, zo mu tafi. Babba ya kan ji kunyar kallon wannan. Ya sa abin kunne ya juya wa jama'a baya.

Daga nan sai Ultra Nyt, labaran DR na yara masu tasowa, ƴan mintoci ne, kuma ana bayyana kowace kalma mai nauyi. Ka haɗa da hasashen yanayi, vejret. Kalmominsa ba su da yawa, kullum su ake juyawa: ruwa, iska, gajimare, digiri, sunayen yankuna. Cikin mako uku za ka san inda Jylland, Fyn, Sjælland da Bornholm suke ba tare da ka zauna haddar taswira ba.

A wannan mataki akwai wata taska da mutane ke tsallakewa: jawabin sabuwar shekara na fadar ƙasar, da ake yi kowace 31 ga Disamba da 18:00, daidai da agogonmu, gab da magariba. Ana yin sa a hankali, cikin tsabtataccen harshe, kuma cikakken rubutunsa yana kongehuset.dk kalma da kalma. Sarauniya Margrethe ta Biyu ta yi shi tun daga 1972, a na 2023 ne ta sanar da sauka, ɗanta Frederik na Goma ya hau ranar 14 ga Janairu 2024. Tsofaffin jawaban suna YouTube. Furucin sarauniyar na tsofaffin manya ne, ba haka matasa ke magana a titi ba, amma don daidaita abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji, da wuya ka samu kamarsa.

Sai shirye-shiryen da hannu ke nuna abin da baki ke faɗa. Den store bagedyst, gasar gashin burodi da kek ta DR1 tun 2012, tana cike da awo, minti, zuba, dama, ya ƙone. Bonderøven, da ya fara a 2008, yana bin wani manomi da ke gyara gona da gida da hannunsa a Jylland. Mai sha'awar noma da kiwo zai fi daɗewa a kansa, kuma sha'awa ce ke riƙe mutum a wata na biyar lokacin da ɗoki ya ƙare.

Wasan kwaikwayo sai bayan wata shida zuwa takwas na aikin kullum. A nan ma tsoho ya fi sabo sauƙi. Matador, kashi 24 da aka fara nunawa a 1978, wanda Lise Nørgaard ta ƙirƙira Erik Balling ya ba da umarni, labarin wani ƙagaggen gari ne mai suna Korsbæk daga 1929 zuwa 1947, inda baƙon ɗan kasuwa ya shigo ya girgiza tsofaffin masu kuɗi. Ƴan wasan na dandamali ne, bakinsu a buɗe. Kusan kowane ɗan Danmak ya san shi, har yau ana misali da mutanen cikinsa a siyasa da jarida. Haka finafinan Olsen-banden guda 14, daga 1968 zuwa 1998, na wasu ɓarayi uku da shirinsu ba ya taɓa ƙarewa lafiya. Badehotellet na TV 2 sabo ne amma an yi shi da tsohon salo, maganarsa a fili. Rita, labarin malamar makaranta, yana ba da harshen yau na aji da gida. Borgen na 2010 yana da sauri, amma ƴan siyasa da ƴan jarida ne ke magana, masu kammala jimla. Sunan laƙabin fadar Christiansborg ne, inda majalisa mai kujeru 179 take, kuma duk rigimar shirin a kan haɗa kujeru 90 ce don samun rinjaye. Wanda ya gane wannan lissafi ya gane rabin labaran yamma.

Yadda ake aikin yanki guda

Ka yanki minti biyu zuwa uku, ba fiye ba. Kashi guda na minti 50 aikin nishaɗi ne, ba na karatu ba.

Zagaye na farko ba rubutu a ƙasa. Ka saurara, ka rubuta duk kalmar da ka kama, ko uku ce. Na biyu ka kunna rubutun harshen Danmak, undertekster, ka bi da ido ba tsayawa. A nan ne za ka ga cewa rabin abin da ya wuce ka kalmomi ne da ka sani, kunne ne bai gane su ba. Ka ja layi a ƙarƙashinsu, su ne ainihin darasin ranar. Na uku ka tsaya jimla-jimla, ka duba sababbin kalmomi, amma kar su wuce takwas. Wanda ya kwashi 30 a rana, ranar Juma'a ba ya da ko goma. Kowane suna ka rubuta shi da en ko et ɗinsa, da sigarsa ta sananne: et hus, huset, en bil, bilen. Wannan ɗafa alama a ƙarshe ba baƙo ba ne ga mai cewa gida, gidan, mota, motar. Kuma jimla za ka kwafa, ba kalma tsirara ba.

Na huɗu shi ne mai gajiyarwa, shi ne kuma mai amfani. Ka zaɓi jimla biyar, ka sa maimaicin A zuwa B na VLC a kan kowace, ka faɗe ta tare da mai maganar sau goma, da ƙarfi, kana kwaikwayon har inda ya haɗiye. Idan ya ce "ska" kar ka ce skal, idan ya ce "ka" kar ka ce kan. Gudun ka sa 0.8 ko 0.75. Ƙasa da haka sautin yana narkewa, wasulan su miƙe, ka koyi abin da ba wanda ke faɗa. Sau biyun ƙarshe ka mayar da gudun daidai. Ka ɗauki muryarka da waya ka saurara kusa da ta asali. Ba daɗi, amma ba wanda zai gaya maka gaskiya kamarta.

Na biyar washegari ne: yankin jiya, ba rubutu, kafin ka taɓa sabo. Duka aikin minti 30 zuwa 40 ne. Bayan asuba ya fi, kafin zafi da hayaniya.

Sautukan da za ka sa wa kunne

Akwai wata ƴar maƙurewar murya da suke kira stød, wadda ba a rubuta ta amma tana raba ma'ana. Hun ita ce, hund kare ne. Mor uwa ce, mord kisan kai ne. D ɗin ƙarshe ba a furta shi, maƙurewar ce kawai bambancin. Bahaushe yana da rabin aikin a hannu, don yana yin makamancinta a sa'a da jama'a, sai dai ta Danmak ta fi taushi, murya ce ke ɗan ƙaƙarewa ba ta yanke gaba ɗaya ba. A wasu tsibiran kudu da Bornholm ma ba a yin ta, don haka kar ka rikice idan ka ji ta ɓace a tashar yanki.

D mai taushi, kamar a mad, rød, hedder, kunnen baƙo "l" yake jin sa. Kar ka furta l, don ved da vel kalmomi biyu ne. Ka kwantar da kan harshe bayan haƙoran ƙasa, ka ɗaga tsakiyarsa kaɗan, kar ya taɓa sama. R ta farkon kalma a maƙogwaro take kamar ta Faransanci, bayan wasali kuma narkewa take. Y ita ce u ta Faransanci, ø kuma eu. Wanda ya yi lakkol ya samu waɗannan kyauta. Inda Bahaushe zai sa ido shi ne p da f, da v da b: par da far, vi da bi. Vi mu ne, bi ƙudan zuma.

Lambobi su ne ke kayar da mutane a labarai. Na ɗaya-ɗaya ke riga na gomiya: 21 enogtyve, ɗaya da ashirin. Daga 50 kuma lissafin ashirin-ashirin ne. Tres 60, ashirin uku. Firs 80, ashirin huɗu, kamar quatre-vingts. Halvtreds 50, ashirin biyu da rabi. Halvfjerds 70, halvfems 90. Kar ka tsaya lissafi a ka. Mai sayayya a Katako idan aka ce masa dala ashirin ba ya ninkawa da biyar, ɗari kawai yake gani, haka za ka haddace waɗannan biyar. Agogo ma akwai tarko: halv syv ba bakwai da rabi ba ne, shida da rabi ne, rabin hanya zuwa bakwai. Suna kuma ƙirga makonni da lamba, za ka ji uge 42 ana nufin hutun makaranta na Oktoba.

Inda abin ke lalacewa

Netflix takan buɗe maka shirin Danmak da muryar Faransanci ko Turanci saboda ƙasar da kake. Ka canza sautin zuwa dansk kafin ka sauke, don wanda aka sauke yana zuwa da muryar da aka zaɓa. Idan rubutun dansk bai fito a jeri ba, ka buɗe wani furofil ka sa harshensa dansk.

Rubutun ƙasa ba ya bin baki kalma da kalma. Ana taƙaita shi don ido ya iya bi, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne ƙananan kalmomi irin jo, da, vel, lige, altså, nå, alhali su ne gishirin zancen. Jo na nuna ai ka sani, vel na neman ka yarda, lige na tausasa umarni. Idan ka ji abin da ba ka gani a rubuce ba, kunnenka ne ya fara aiki. A shirin waje da aka juya wa murya kuwa, rubutun da muryar mutane daban ne suka fassara su, ba za su taɓa daidaita ba. Rubutun da na'ura ta yi da kanta a YouTube kar ka kwafe shi cikin kaye.

Idan fayil ɗin rubutu ya nuna wasu alamomi a gurbin æ, ø, å, ka shiga saitin VLC ka canza tsarin haruffa tsakanin UTF-8 da Windows-1252. Idan rubutun yana riga magana ko yana makara, a kwamfuta maɓallan G da H ke matsar da shi kaɗan-kaɗan.

Sai tarkon maƙwabta. Broen na 2011 haɗin gwiwa ne da Suwidin, jarumar da mutanen ɓangarenta harshen Suwidin suke yi, kowa na nasa suna fahimtar juna. Mai koyo zai kwashi biyu a haɗe bai sani ba. Haka finafinan Pelle Erobreren da Hævnen, manyan jaruman maza ƴan Suwidin ne. Rubutun Norwe kuma ya yi kama da na Danmak ƙwarai. Idan ka ga ä da ö, na Suwidin ne. Idan ka ga av da etter a gurbin af da efter, na Norwe ne.

Abin da fim zai koya maka da bai kamata ka fita da shi ba

Zagi da rantsuwa sun yi yawa a bakin ƴan wasa, har a shirye-shiryen yamma. Kalmomi irin sgu da fandme za su maƙale maka da wuri don gajeru ne kuma ana nanata su. Ka gane su, kar ka faɗe su gaban surukai ko mai jarrabawa. Ta ɗaya gefen kuma Matador zai koya maka De na girmamawa, wanda yau kusan sai ga gidan sarauta da wasu tsofaffi. Kowa du ne, har likita da shugaban ma'aikata, da sunan yanka ake kiran malami. Ga wanda ya tashi da ranka ya daɗe da durƙusawa abin yana da nauyi, amma can ba raini ba ne. Ladabinsu a godiya yake: tak for mad bayan cin abinci, tak for sidst idan an sake haɗuwa. Ka lura da inda waɗannan ke faɗowa a fim, don ba a koyon su daga ƙamus. Barkwancinsu kuma da busasshiyar fuska ake yin sa, mutum ya faɗi akasin abin da yake nufi ba murmushi. Idan jimla ta yi maka daidai amma jama'ar cikin shirin suna dariya, ka juya ta.

Tsiraici, giya da zancen jima'i ba a ɓoye su a tele da fim na Danmak kamar yadda muka saba, har wasu shirye-shiryen yara suna nuna jiki a fili. Alamun shekaru na finafinai A, 7, 11 da 15 ne, kuma ma'aunin ya fi kula da abin tsoratarwa fiye da abin kunya, don haka 7 ɗinsu ba 7 ɗin tsakar gidanmu ba ce. Ka duba kafin ka miƙa wa yaro waya. Klovn, shirin barkwanci da ake yawan ba masu koyo shawara, ba na kallo gaban iyaye ba ne.

Jaridu na da nasu hali. Berlingske tun 1749 take, Jyllands-Posten 1871, Politiken 1884, Ekstra Bladet da B.T. kuma na manyan kanun labarai ne masu cike da karin magana da wasa da kalma, sun fi wa mai koyo wuya duk da gajartarsu. Jyllands-Posten ce ta buga zanen ɓatancin nan a Satumba 2005, kuma a Disamba 2023 majalisa ta yi dokar hana wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a. Muhawarar ƴancin faɗar albarkacin baki, ytringsfrihed, da ta baƙi da Musulunci tana dawowa a P1 da shirin Deadline na DR2 a kai a kai, wani lokaci da zafi. Gara ka ji ta tun kana nan ka san kalmominta. Mai niyyar zama ɗan ƙasa ma zai tarar jarrabawarsu tana tambaya kan al'amuran da ke cikin labarai da kuma al'adu, har da finafinai.

Na silima kuwa, sunaye kaɗan sun isa a fara. Kamfanin Nordisk Film tun 1906 yake aiki. A 1995 Lars von Trier da Thomas Vinterberg suka fito da ƙa'idojin Dogme 95: kyamara a hannu, sauti a ɗauke shi a wurin tare da hoto, ba kiɗan da aka ɗora daga baya. Festen na 1998 shi ne na farko, kuma wannan ƙa'idar sautin ce ta sa ya zama na ƙarshe a jerin mai koyo, ga mutane da yawa suna magana lokaci guda a teburi. Finafinan ƙasar huɗu sun ci Oscar na fim ɗin waje: Babettes gæstebud, Pelle Erobreren, Hævnen, da Druk a 2021. Den skyldige na 2018 kusan dukansa ɗan sanda ne guda a ɗakin amsa kiran gaggawa, sauran mutane murya ce kawai a waya, ba leɓe ba fuska. Ka ajiye shi ya zama ma'auni.

Kafin ka kai can, ma'aunin wata-wata ya fi sauƙi. Ka ɗauki minti guda na jawabin fada da ba ka taɓa ji ba, ka saurara sau uku, ka rubuta abin da ka ji, ka gwada da rubutun shafin, ka ƙirga kalmomin da suka yi daidai. Idan sun kai takwas cikin goma, ka koma yin gwajin da Ultra Nyt, daga nan TV Avisen, daga nan hirar mutanen gari a TV Midtvest ko TV Syd, inda karin harshen Jylland ke sa "æ" gaban suna a ce æ hus maimakon huset. Idan lambar ta tsaya wuri guda wata biyu, yawanci ɗayan biyu ne: ko yankin da kake ɗauka ya yi tsawo, ko ka daina zagaye na huɗu. Ka rage yankin zuwa minti guda ka koma faɗa da baki.